Babban Jirgi Ko Ƙaramin Kwalekwale? Shawara Ga Masu Hulɗa Da Kogin Kaduna

Magidancin da ke zaune a Nasarawa ko Kudenda ko gangaren Barnawa a garin Kaduna, in dai yana da lambu a bakin kogi ko gona a tsallake, ko ba jima ko ba daɗe zancen jirgi zai taso a gidansa. Kuɗin fito yana cin aljihu a hankali, jiran mai fito kuma yana cinye safiya. Da zarar an sayar da masara an ga 'yan kuɗi a hannu, sai ra'ayi ya rabu biyu. 'Yan'uwa su ce a haɗa hannu a sa a buga babban jirgi da zai kwashe iyali da kaya a sawu ɗaya. Wani ya ce a'a, ɗan kwalekwale ya wadatar, wanda mutum zai tura shi kaɗai ba sai ya tashi kowa daga barci ba.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan gidajen da ke kudancin kogin nan ƙaramin ya fi dacewa da su, ranar kwasar amfanin gona ko ranar biki kuma su biya babban jirgi ya yi musu jigila. Akwai waɗanda babban ne daidai da su, za mu zo kansu. Amma kafin a auna jirgi, a fara auna ruwan.

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa kogin Neja a ƙasar Nufe, daura da Pategi. Manyan madatsun da ke kansa, Shiroro da Zungeru, duk suna ƙasa da garin Kaduna, saboda haka ba su ke tsara mana ruwa ba. Abin da sama ta zubar a Filato da gabashin jihar nan shi ke gangaro mana kai tsaye. Shi ya sa za ka kwana ba a yi ko yayyafi a Kakuri ba, ka wayi gari ka tarar ruwa ya haye turken da ka ɗaure jirginka. A Agusta da Satumba kogin yakan cika ya yi ja, yana tafe da kututture da shara, gwangwala ba ta taɓa ƙasa a tsakiyarsa. Wanda ya ga ambaliyar 2003 ko ta 2012 ba sai an ba shi labari ba. Daga wajen Disamba kuwa har ruwan farko ya kankama, duk wanda ya leƙa daga kan gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello zai ga duwatsu sun fito, yashi ya yi tsibirai, ruwa ya rabu 'yan hanyoyi, wani wurin ko gwiwa bai kai ba.

Lissafa watannin nan da kanka. Lokacin ƙarancin ruwa ya fi na cikowa tsawo, kuma a cikinsa ne mai lambu ke sintiri kullum, safe da yamma, da taki da iri da injin ban ruwa. Babban jirgi a wannan lokaci wahala ne. Gindinsa yana gugar dutse, yana kafewa a yashi, sai an sauka an tura, kwanar da ƙarami zai sha cikin sauƙi shi sai an ja da baya an sake saiti. Da damina, gaskiya ne, babban ya fi natsuwa a kan ruwa. Sai dai a kwanakin da kogin ya yi cikar gaske, mai hankali ba ya ɗora 'ya'yansa a kan ko wane irin jirgi, tunda ga gadoji. Bayan tsohuwar gada da ta Nasarawa a kan titin Nnamdi Azikiwe, an samu ta titin Yakowa, ga kuma wadda ta haɗa Kabala Costain da Barnawa. Wannan ma abin lura ne ga mai tunanin zai sayi babban jirgi ya riƙa fito yana mayar da kuɗinsa. Duk inda gada ta sauka, Keke Napep ya kwashe fasinjan.

Yanzu sai awo. Ba ya bukatar boko mai zurfi. Jirgi yana ɗaukar nauyi ne daidai da nauyin ruwan da ya ture, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. Ɗauki ƙaramin kwalekwale mai tsawon mita 5, wato kusan gaba uku, faɗinsa a tsakiya santimita 80, zurfinsa santimita 35. Da yake goshinsa da bayansa sun tsuke, duk santimita ɗaya da ya nitsa yana ɗaukar kamar kilo 26. Nauyin katakonsa kaɗai zai nitsar da shi santimita 5. In ka bar taƙi guda, wato wajen santimita 20, tsakanin ruwa da bakin jirgi, abin da ya rage maka na lodi santimita 10 ne, kilo 260 ke nan. Manya biyu da buhun masara ɗaya, an gama. Ko uba da uwa da ƙananan yara biyu ba kaya. Babba kuwa, a ce mai tsawon mita 9, gaba biyar, faɗi mita ɗaya da rabi, zurfi santimita 60, duk santimita ɗaya yana ɗaukar kilo 95 ko kusa da haka. Buhun masara ɗaya da ƙyar za ka ga ya motsa shi. Bayan an cire nauyinsa an bar masa baki mai kyau a sama, zai ɗauki wajen tan biyu da rabi.

Tazarar tana da yawa: kusan ninki goma. Ita ce ke jan hankalin masu son babba. To amma tambayi kanka, sau nawa a shekara kake da kayan tan biyu da za ka ƙetare da su? Ga yawancin manoma, makon girbi ne kawai. Sauran kwanakin shekara za ka riƙa tuƙa rabin tan na katako don ka kai kanka da fartanya da buhun taki.

Rabin tan ɗin nan ba ƙari na yi ba. Katakon da ake sayarwa a shagunan katako, mai tsawon ƙafa 12 da faɗin inci 12 da kaurin inci ɗaya, in na maɗaci ne yakan kai kilo 20 ko ya ɗara. Ƙaramin kwalekwale yana cin biyar ko shida. Babban yana cin wajen ashirin, ban da katakan da ake gittawa a ciki su riƙe haƙarƙarinsa, ban da ƙusa da kwalta. In ya sha ruwa nauyin ya ƙaru. Ƙaramin, kai da ɗanka za ku ja shi tudu, ku kife shi, ku duba gindinsa, ku gyara kafin azahar. Babban sai an yi gayya. Abin da sai an yi gayya kuwa ɗage shi ake yi, yau a ce sai Juma'a, Juma'a a ce sai bayan Salla, shi kuma yoyon yana ƙara buɗewa. Yawancin manyan jiragen gida da suka ruɓe a bakin gaɓa ba tsufa ya kashe su ba, rashin hannun da zai fid da su ne.

Haka batun tuƙi. Ƙaramin, mutum ɗaya da filafili ko gwangwala ya isa. Babban in da lodi sai biyu, ɗaya a goshi yana tokara, ɗaya a baya yana saita hanya, kuma dole su san hannun juna. Ƙetare kogi mai gudu ba miƙewa ake yi ba. Ana bin gaɓa ne a haura sama inda ruwa ke da sanyin gudu, sannan a karkata goshi a shiga, ruwan da kansa ya gangaro da kai mashigin da kake nufi. In ƙarami ya kuskure mashigi, ka matsa gaɓa ka sake haurowa. In babba mai lodi ya ba ruwa gefensa, hannu ba ya dawo da shi, sai inda ya tsaya. Ga kuma ramukan da masu haƙar yashi ke bari a gindin kogi: kana tokarawa a ruwa iya ƙugu, taku ɗaya gaba gwangwala ta wuce ba ta sami ƙasa ba. Wanda ya jingina nauyinsa duka a kanta, shi zai bi ta. Don haka ko da rani kada filafili ya bar cikin jirgi.

Daga nan ne za ka ji an ce ai sai a sa inji. Yamaha mai doki 15 zai tura babban jirgin gida ba wahala. Amma kuɗin injin yakan fi na jirgin, fetur kuma kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ga baƙin man da ake haɗa masa. Da rani farfela tana cin dutse. Da dare ba ka barin inji a bakin kogi, sai ka kwance ka saɓa zuwa gida, gobe ka sake saɓowa. Faɗin kogin nan a cikin gari bai kai a ce sai da inji ba. A Yawuri ko tafkin Kainji, inda ake tafiyar awa biyu zuwa kasuwa, inji dole ne. A nan kuwa ado ne mai tsada, sai fa ga mai jigilar kaya a tsawon kogi.

Kada a ɗauka ina cewa ƙaramin ba shi da aibu. Yana da tangal-tangal. Mutum ɗaya ya miƙe tsaye ba shiri, ko yaro ya leƙa ya miƙa hannu zai kamo wani abu a ruwa, sai baki ya sha ruwa. Ba a ɗora masa babur, ba a ɗora masa saniya, ko tunkiya sai an ɗaure ƙafafunta an kwantar. Babban haɗarinsa shi ne a tilasta masa aikin babba. Magariba ta kawo jiki, mutum shida suna gaɓa, kowa na son gida, sai a ce a matsa a shiga, ai kusa ne. In ka san ba za ka iya kallon idon yayanka ka ce, “Yaya, ka yi haƙuri, sai na dawo sawu na biyu,” ba, to ƙaramin kwalekwale bai dace da kai ba. Wannan ba raha nake yi ba. Kunya tana kife jirgi.

Sai dai girman jirgi ma bai taɓa hana shi nitsewa ba. Duba manyan haɗurran da suka girgiza Arewa a 'yan shekarun nan. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kogin Neja kusa da Warra ta jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamban shekarar, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Ɓagwai a jihar Kano ya kife a dam ɗin Watari, mafi yawan waɗanda suka rasu 'yan makarantar Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi suna dawowa daga biki da dare. Allah ya jiƙansu. Duk manyan jirage ne, kuma a ko wanne an yi maganar lodi ya wuce ƙima. Babban jirgi yana yaudarar ido: ana ganin fili a ciki, sai a ɗauka akwai sauran wuri. Ba fili ke nuna cikar jirgi ba, bakinsa ke nunawa. Masu yashi sun fi kowa sanin haka, domin jiƙaƙƙen yashi mai cikin mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana kusan tan biyu. Babban jirgin da muka auna ɗazu zai cika lodinsa alhali yashin bai kai kwatan cikinsa ba. Duk da haka za ka ga wasu suna tahowa baki saura yatsu uku ya taɓa ruwa, wani yaro a tsakiya yana ta kwarfa da yankakkiyar jarka. Su sun iya ruwa, in ya nitse su fita. Iya ruwa fid da kai ne, ba fid da mata da goyo ba.

Dabara mai sauƙi, ko wanne ka saya: ranar farko, a ruwa mara zurfi, a loda shi da buhunan yashi ko mutane har saura taƙi guda ga ƙarami, taƙi da 'yan yatsu ga babba. A ja layi da jan fenti a jikinsa daidai inda ruwa ya tsaya, dama da hagu. Daga ranar, in layi ya ɓace a ruwa wani ya sauka, ko wane ne. Layin zai riƙa faɗin abin da bakinka ke jin nauyin faɗa.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta wajabta sa rigar kariya mai hana nitsewa, ta kuma hana tafiyar dare. Sa kuɗin rigunan a cikin kuɗin jirgi tun farko. A nan ma ƙaramin ya fi sauƙi, riga huɗu ba ɗaya take da goma sha biyar ba. A sayi ta yara daidai jikinsu, domin ta manya zamewa take yi ta kan yaro. Jarka mai lita 25 da aka rufe bakinta gam tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa, saboda haka a ɗaura biyu a ƙarƙashin mazauni. Ƙari ce, ba madadin riga ba, don wanda ya firgita sakin abin hannunsa yake yi.

To su wa babban ya dace da su? Mai sana'ar yashi, wannan ba tambaya. Gidan da har yanzu ke noman gandu a tsallake, da samari uku ko huɗu da suka iya tuƙi kuma suna nan kullum, ba waɗanda makaranta ko aiki zai ɗauke baɗi ba. Masunta masu jan taru, waɗanda ragarsu kaɗai in ta jiƙe ta fi ƙarfin ƙaramin kwalekwale. Mai jefa birgi ko mai kafa kalli da mamari kuwa ƙaramin ne abokin aikinsa, yana shiga lungun da kifi yake ba tare da ya kore shi ba. In kuma haɗin gwiwa za a yi tsakanin 'yan'uwa, a zauna gaban mai unguwa ko sarkin ruwa a fayyace: wa zai riƙe makulli, wa zai sayi kwalta, in ya ɓata wa ke da asara, in wani ya ce a ba shi kasonsa yaya za a yi. Ranar sayen jirgi kowa mai shi ne. Ranar gyara ake neman mai shi a rasa.

Saura zaɓen jirgin kansa. In sabo za a buga, katako shi ne magana. Maɗaci da kawo da loko suna jure ruwa, suna da nauyi da tsada. Farin katako irin afara yana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, amma ba ya daɗewa, gara da ruɓa suna saurin kama shi. Ga ƙarami, akan yi gindi da katako mai ƙarfi tunda shi ke gugar dutse, gefuna da mai sauƙi. Kada a yarda da ɗanyen katako, in ya bushe zai ja jiki ya buɗe haɗin. Ƙusa ta zama wadda ba ta saurin tsatsa, in za ka shiga kasuwar Panteka ka zaɓo da kanka ya fi. Jirgin sassaƙa na gungume ɗaya, irin na iyaye da kakanni, ba shi da haɗin da zai yi yoyo, sai dai bishiyar da za ta ba da shi ta yi wuya yanzu. Na faiba kuma ba nauyi, ba ruɓa, gwamnatin tarayya ma tana ta kira a koma gare shi, amma in dutse ya tsaga shi ba kowane kafinta ke iya ɗinke shi ba, duwatsu kuwa su ne arzikin kogin nan da rani.

Je ka tsaya a kan mai bugawa ranar da yake toshe haɗi, za ka gane ko ya iya. Gwani yakan murɗa tsumma ko auduga ta yi kamar igiya, ya ɗora a bakin haɗin, ya bi ta da kurfi mara kaifi yana bugawa a hankali har ta shige ta yi tauri, sannan ya kwarara narkakkiyar kwalta tana tururi, ya bi da ƙyallen langa-langa ya buga ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Mai gaggawa shafa kwalta kawai yake yi a sama. Ranar farko duk biyun baƙi ƙirin suke, suna sheƙi. Sai rana ta dake su wata guda bambancin ke fitowa.

In na hannu za ka saya, kada ka yi ciniki a tudu. Sabon fenti da sabuwar kwalta a tsohon jirgi abin tuhuma ne. Ɗauki wuƙa ka soka bakinta a katakon gindi, musamman kusurwar da gindi ya haɗu da gefe da kuma ƙarƙashin mazauni inda ruwa ke kwanciya. Lafiyayyen katako zai ƙi wuƙar, ruɓaɓɓe zai karɓe ta ba gardama. Ƙwanƙwasa da bayan wuƙar ka saurara, mai lafiya yana amsawa da ƙarfi. Dubi kan ƙusoshi, in kowace ta yi baƙin zobe a kewayenta, tsatsa ta ci katakon wurin. Sannan ka ce wa mai shi, “Baba, don Allah a kwarfe shi tas a bar shi ya kwana a ruwa, gobe da sassafe in zo mu gani tare.” Dattijon kirki zai ce maka, “To ɗana, ai gani ya kori ji.” In ka dawo ka tarar da ɗan ruwan da kwano biyu zai kwashe, wannan ba komai, duk jirgin katako yana gumi. In ya kai idon sawu, ka yi godiya ka kama hanya. Ka kuma shiga ka tuƙa shi da kanka, ba kaya, ka ga ko yana jirkicewa gefe ɗaya ko yana jan goshi hagu.

Ajiya ita ce ta ƙarshe da mutane ke tunawa, alhali ita ke yanke shekarun jirgi. Katako ba ya son a jiƙa shi a busar, a jiƙa a busar. Hunturu da zafin Maris suna buɗe haɗi, don haka in za a daɗe ba a hau ba, a cika ƙaramin da ruwa a bar shi a nitse a wuri mara zurfi, ko a kife shi a inuwa a kan duwatsu, kada ya taɓa ƙasa saboda gara. Da damina a ja shi sama da inda ruwan bara ya tsaya, a sa sarƙa da kwaɗo a gindin bishiya. Babban ba ya jawuwa, sai dai a ɗaure shi da igiya biyu, goshi da baya, a bar musu sarari don in ruwa ya ƙaru cikin dare kada gajeriyar igiya ta danne bakinsa ƙasa. Duk ruwan sama da aka yi kuma sai wani ya je ya kwarfe shi, ko da asuba ce.

Lokacin ba da aikin jirgi shi ne Janairu ko Fabrairu, katako ya bushe, mai bugawa bai cika da aiki ba. Hakan zai ba ka watanni uku ko huɗu na ruwa mai sauƙi, ka koyi hannun jirgin, ka san inda duwatsu da ramuka suke tun ana ganinsu, yaran gida su koyi zama da iyo a inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Wanda ya karɓi sabon jirgi a Agusta, ya ɗaure shi ya ci gaba da biyan kuɗin fito har ruwa ya fara ja a Oktoba.